Mai Katako da Kalmar "Gidanka Ne"

An yi wani attajiri da ake kira Mai Katako, domin da sayar da katako ya yi arziki. Mutumin kirki ne, hannunsa a sake, amma yana da aibi guda: bakinsa ya fi hannunsa saurin kyauta, ga shi ba ya son a yi masa maganar mutuwa.

Ya gina gida na gani na faɗa, bene mai faffaɗan falo da lambu a baya. A ƙarshen lambun akwai ɗakin yayarsa, wadda yara ke kira Gwaggo. Ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, ba ta da ɗa, ba ta da jika, ba ta da wani wurin zuwa.

Duk wanda ya yi sallama, Mai Katako sai ya ce, "Shigo mana, ai gidanka ne." Ya faɗa wa babban ɗansa, ya faɗa wa 'yarsa, har mai gyaran famfo ya samu rabonsa. Lauyansa ya sha ce masa, "Ranka ya daɗe, gida irin wannan ba a barinsa a baki. Mu zauna mu rubuta." Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Kai lauya, ka ga na yi kama da mai shirin tafiya?"

Wata safiya yana ɗaura agogo sai hannu ya ƙi, ya yanke jiki ya faɗi. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Aka dawo da shi gida, ido na gani, kunne na ji, amma harshe ya ƙi motsi. Yaran suka ɗauka jin ma ya tafi, don haka a bakin ƙofarsa suke maganarsu.

Ya ji ɗan yana cewa, "Baba da bakinsa ya ce min gidan nan nawa ne. Har na samu masu son su mai da shi otal."

'Yar ta ce, "Yaya, kada ka ba ni dariya. Ni ya ce wa 'gidanki ne', a gaban mijina ma. To in ka sayar, Gwaggo fa?"

"Gwaggo ai ba ta cikin magada. A nema mata wani wuri."

Mai Katako ya so ya daka tsawa, ko tari bai fito ba. Da rana Gwaggo ta zo ba shi magani, tana goge masa baki ta ce, "Ƙanena, kada ka sa ni a ranka. Na fara haɗa kayana a akwati. Dama kayan aro ba ya rufe katara." Hawaye ya gangaro masa har cikin kunne. Matar da ta goya shi ce za ta fita da akwati, kuma ba kowa ya jawo ba sai bakinsa.

Daga ranar ya dage da motsa harshe, yana roƙon Allah Ya ara masa magana ko ta yini guda ce. Aka ɗauki lokaci. Ran nan suna kewaye da gadonsa sai leɓensa ya motsa. Ɗan ya matso, 'yar ta matso, kowa na jiran ya ji sunansa.

Mai Katako ya ce, "Lau... ya."

Lauya ya zo da shaidu. A hankali, kalma bayan kalma, tsohon ya ce wa yaransa, "Na ji ku. Ban yi fushi ba, ni na raba gida ɗaya ga mutum goma." Ɗan ya sunkuyar da kai, kunya ta hana shi duban Gwaggo. Aka rubuta rabon kowa a fili, aka kuma rubuta cewa ɗaki da lambu na Gwaggo ne, ba za a sayar da gidan ba muddin tana raye.

Da lauya zai tafi, Mai Katako ya ce, "Ka riƙa leƙo mu, ai gid..." Sai 'yar ta yi wuf ta ce, "Baba, rufa mana asiri, wannan lauya ne!" Aka yi dariyar da aka daɗe ba a yi ba a gidan.

Da yamma aka tura shi a keke har ƙarshen lambu. Ya dubi akwatin da ke bayan ƙofa ya ce, "Yaya, kwance kayanki. Ɗakin nan naki ne."

Ta ce, "Ai ka sha faɗa."

Ya ce, "Na sha faɗa. Yau na sa hannu." Ya ɗaga hannun da ke motsi ya gode wa Allah da Ya nuna masa rabon gadonsa yana da rai, Ya kuma ba shi damar gyarawa.

Darasin shi ne: magana mai daɗi ba ta zama wasiyya. Wanda Allah Ya ba dukiya, ya rubuta abin da yake nufi tun harshe na motsi, a gaban shaidu, ya kuma tuna da raunanan da ke zaune a inuwarsa. Mai Katako ya samu dama ta biyu, ya gode. Ba kowa ake dawo wa da bakinsa ba.