Atika Makauniya da Soron Bakin Hanya

Akwai wata mata da aka yi a garin Bodinga, sunanta Atika, ɗiyar Mijinyawa magini. Makauniya ce, amma duk unguwar ba wanda ya kai ta sanin gyaran ɗaki.

Ƙyanda ce ta tafi da idanunta tana 'yar shekara tara. Mahaifinta bai bar ta zaune a ɗaka ba. In zai yi aiki sai ya kamo hannunta ya ɗora a jikin bango, ya ce, "Taɓa ki ji." Da haka ta san ƙasar da ta kwaɓu da wadda ruwa ya yi wa yawa. Ta san in aka ƙwanƙwasa azara ta yi amo kamar ganga, to gara ta cinye cikinta. Ma'auninta igiya ce mai ƙulli-ƙulli, tsakanin kowane ƙulli taƙi ɗaya. In za ta kafa ƙusa sai ta soke ta tsakanin haƙoran mataji, ta riƙe matajin, don kada guduma ta sami yatsa. Kayan aikinta kuwa kowanne da wurin ratayarsa, ba ta yarda a sauya musu wuri.

Ta yi aure a Shagari, ta zauna can shekara goma sha huɗu. Mijin ya rasu, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya rayu, sai ta dawo gidan ubanta. Ba a daɗe ba shi ma Mijinyawa ya cika. Da aka raba gado, ƙaninta Sodangi ya sami cikin gidan, ita aka ba ta soro ɗaya da ke bakin hanya. Bangon soron na baya shi ne iyakarta da tsakar gidan Sodangi.

A shekarar 1983 abubuwa suka tsananta. Sabulu da madara da shinkafa sai an yi layi, wani lokaci ma a tashi hannu wayam. Ga zaɓe ya ƙarato. Sodangi ya bar noman albasa ya shiga bangar siyasa. Kullum yana bayan a-kori-kura da gora a hannu, shi da abokansa, suna tarwatsa taron 'yan adawa.

Wani ɗan kwangila na jam'iyyarsu ya so sayen gidan ya mai da shi ma'ajiyar shinkafa. Amma ya ce sai an haɗa masa da soron bakin hanya, don nan mota za ta riƙa tsayawa.

Sodangi ya sami Atika da hantsi tana yaɓe gindin bango inda ruwa ya ci.

Ya ce, "Yaya, ki tattara kayanki ki koma Shagari wurin dangin mijinki. Na sai da gida."

Ta ce, "Ka sai da naka. Wanga ɗaki Baba yag gina shi, ni nab ba shi ƙasa da hannuna. Ba ni fita."

"Makauniya mi za ta yi da ɗaki? Ruwa biyu ya zuba miki shi bisa kai."

"In ya zuba sai in tada shi."

Sodangi ya juya. Ya shiga gida ya ɗauko gatari, ya sassare ƙyauren soron har ya rabu uku, ya yi ƙwallo da tukunyar ruwanta, ya tafi. Atika tana tsugune, hannunta cikin laka, tana jin ɓarɓashin katako na faɗo mata a baya. Amma ba ta yi kuka ba.

Da ya yi nisa ta laluba ta tattara gutsattsarin. Ta jera su a ƙasa, tana bin bakin kowanne da yatsa har ta gane wanda ya dace da wane. Ta gicciya musu katako biyu ta baya ta bubbuga ƙusa. Ƙarfen da ƙyauren ke juyawa a kai ya karye, kuma a lokacin ba a samunsa ko a kasuwa, sai ta yanko tsohuwar taya ta yi masa maɗauri sama da ƙasa. Kafin la'asar ƙyaure ya koma mazauninsa.

Kashegari Sodangi ya zo wucewa da abokansa, suka ga ƙofa a rufe ram. Ɗaya daga cikinsu ya yi dariya ya ce, "Ashe makauniya ta fi ƙarfinka."

Wannan maganar ce ta harzuƙa shi. Ya banka ƙofar, ya tarar da ita tana gyara ƙafar kujera. Ya fizge gudumar daga hannunta, ya take wuyan hannunta na hagu a kan katako.

Ya ce, "Da wanga hannu kike raina ni?"

Ya sauke mata gudumar sau biyu. Atika ta ji ƙarar ƙashinta kafin ta ji zafin. Ta ƙwalla ƙara ɗaya, numfashinta ya ɗauke. Yatsu biyu sun karye, farcen ɗaya ya fita, jini ya jiƙa katakon. Maƙwabta suna tsaye daga nesa suna kallo, don kowa yana tsoron 'yan banga.

Sai da suka tafi Malam Ladan, malamin makarantar allo da ke maƙwabtaka da ita, ya zo da matarsa Inno. Inno ta wanke raunin da ruwan gishiri, ta ɗaure yatsun da kara da tsumma. Malam Ladan ya kai ƙara wurin mai unguwa.

Mai unguwa ya saurara, ya duba hagu da dama. Shi ma tsoro yake ji.

Ya ce, "Malam, a yi haƙuri har zaɓe shi wuce. Ɗaki nata na, ba mai hidda ta. Sai fa in ya faɗi da kansa, sannan a sake shawara."

Maganar ta kai kunnen Sodangi, kuma ƙarshenta kaɗai ya riƙe.

Bayan mako biyu aka yi ruwa mai ƙarfi, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Atika ta idar da sallar azahar ke nan sai ta ji wani bugu yana tasowa ta ƙarƙashin tabarma. Ta ɗora tafin hannunta na dama a bangon baya. Da kowane bugu sai bangon ya girgiza. Ta bi shi da yatsa har ta sami tsaga sabuwa, wadda da safe babu ita. Ƙasa kuma ta fara zubo mata a ka daga rufi.

Ta gane. Sodangi ne ke haƙe gindin bangon da diga ta cikin gidansa.

Ta fito da sauri, ta bi katanga ta zagaya ta zaure har tsakar gidan.

Ta ce, "Sodangi, ka bari. Ba don ɗakin nike faɗi ba. Bango wajen da anka haƙe shi yake faɗuwa, kuma azara duka bisa shi suke. Ka matsa daga nan."

Ya ce, "Har yanzu bakinki bai mutu ba?"

Ta miƙa hannu ta kamo rigarsa tana jan shi baya. Ya juyo ya doke ta da ƙotar digar a goshi. Ta yi taga-taga ta faɗi can kusa da turmi, goshinta ya tsage, jini yana shiga bakinta. Tana kwance ta ji ya sake ɗaga digar ya kafta wa bangon.

Sai ta ji wata ƙara kamar an yage sabon yadi, sannan ƙasa ta motsa. Ƙura ta cika mata hanci. Bayan haka ba ta ƙara jin diga ba, sai nishi.

Mutane suka cika gidan. Bangon ya danne ƙafafun Sodangi, azara biyu sun zamo sun gicciye a kan ƙirjinsa, ƙasar rufi ta binne shi har wuya. Maza huɗu suka kama bakin azara ɗaya za su ja.

Atika ta ji ƙarar itacen yana gurzar ƙasa. Ta ce, "Ku tsaya. Kar wanda ya ja komi."

Wani mai suna Nuhu, wanda Sodangi ya taɓa fasa wa kai a kasuwa, ya ce, "Atika, dubi abin da yay yi miki. Ki bar shi da abin da yaj jawo wa kansa."

Ta ce, "Ƙanena na, Nuhu. Ni nag goya shi."

Ta rarrafa kan tulin ƙasar da gwiwa da hannu ɗaya. Ta laluba har ta sami fuskarsa, ta kwashe lakar da ta toshe masa baki da hanci. Ya ja numfashi da kyar. Sannan ta bi azarar farko da hannu tun daga ƙirjinsa har ƙarshenta. Ta tarar bakinta ɗaya yana maƙale a kan guntun bangon da ya rage, faɗin yatsa uku kawai. Da an ja ta, da ta sauka a wuyansa da duk nauyin rufin.

Ta ce a mirgino turmi, ta nuna inda za a cusa shi ƙarƙashin azarar. Ta sa aka ciro gwafa biyu daga rumfar awaki aka tokare ta biyun. Ta ƙwanƙwasa kowace gwafa ta ji ta zauna daram, sannan ta ce, "Yanzu ku kwashe ƙasa. Da hannu da kwano, ban da fartanya."

Har Nuhu ya durƙusa yana kwasa. Ana aikin bango yana ci gaba da zubowa, wani curi ya faɗo ya sami Atika a kafaɗa, amma ba ta janye hannunta daga kan azarar ba, don ita ke jin in ta motsa. Sai gab da la'asar aka zaro Sodangi. Ƙafarsa ta dama ta dagargaje daga gwiwa zuwa ƙasa.

Aka kai shi wurin wani maɗori a Kajiji, ya duba ya ce abin ya fi ƙarfinsa. A asibiti a Sakkwato aka yanke ƙafar. Ɗan kwangila bai leƙo ba, abokan banga ma haka. Kafin shekara ta ƙare sojoji suka karɓi mulki, jam'iyyar ta watse, kowa ya yi ta kansa.

Atika ta zauna a gidan Inno har rani. Yatsunta biyu sun warke a karkace, ba sa lanƙwasuwa. Da sauran takwas ɗin ta riƙa yin tubali, maƙwabta suna kawo mata ƙasa da ruwa, Malam Ladan ya nemo magina suka ɗora mata azara. Yaɓe da daɓe kuwa ita ta yi abinta.

Sodangi ya dawo gida da sanda a hammata. Watanni yana zaune a tsakar gida yana jin motsin aikinta, kunya ta hana shi yi mata ko sannu. Ran da aka gama soron ya dogara sandarsa ya zagayo. Ya tsaya yana duban ƙofar, ya ga ta fi ta farko faɗi, kuma ƙasa a shafe take daga waje har ciki.

Ya ce, "Yaya, kin manta ba ki sa dokin ƙofa ba. Ruwa na iya shiga."

Ta ce, "Ban manta ba. Na yi wa ruwa hanya ta gefe. In na sa doki sandarka za ta riƙa harɗewa."

Sodangi ya jingina da bango, ya sulale ƙasa, ya rufe fuska da hannu biyu. Atika tana jin shessheƙarsa. Ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta ce, "Tashi ka shigo, tuwo na hucewa."

Darasi: Kada ka raina mai naƙasa, don abin da Allah ya karɓa a ido yana iya ba shi a hannu da basira. Kada ƙarfi ko ɗaurin gindin wasu ya sa ka cuci ɗan'uwanka, domin ranar da abin ya juyo kanka su ba za ka gan su ba. Wanda aka zalunta kuma ya sami iko bai rama ba, ya fi kowa girma. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai wannan labari, wataƙila ya isa ga wanda hannunsa ke sama yanzu, ya sauke.