Teburin Sarki da Turmin Iya Tabawa

An ce a zamanin da, a wata ƙasa mai yawan itacen kirya, an yi wani Sarki da Allah ya jarabce shi da son sassaƙa. Da an tashi daga fadanci sai ya shige farfajiyar gidansa, ya tsuguna da gizago yana fafe akushi, yana feƙe muciya. Tsakani da Allah, babu muciyarsa ko ɗaya da ta taɓa fitowa a miƙe, amma wa ya isa ya faɗa?

To, a al'adar ƙasar kan kowa ba ya wuce na Sarki. Idan ya tsuguna, sai dai hakimai su kwanta rub da ciki har ya gama. Da abin ya ishe su, Galadima ya ba da shawara a yi wa Sarki tebur ya riƙa aiki a tsaye. Nomau Sarkin Masassaƙa ya yi shi da kirya zalla, ko giwa ta hau ba zai motsa ba.

Sai aka gudu ba a tsira ba. Sarki mai bin inuwa ne: da hantsi gindin durumi, da azahar zaure, da la'asar gindin tsamiya. Ga kuma wata al'ada, cewa kayan aikin hannun Sarki bawa ba ya taɓa su, sai mai rawani. Saboda haka sau uku a yini dattawa huɗu ke kinkimar tebur, Waziri Jatau a ɓangaren da ya fi nauyi. Galadima kuwa, mai shawarar, ya naɗa kansa ɗan jagora, yana tafe gaba yana nuna musu hanyar da kowa ya sani.

Kafin wata ya cika, bayan Waziri ya sage. Ranar wata Juma'a ya zo faɗuwa gaisuwa, ya tsaya a rabi, ya kasa gaba ya kasa baya. Galadima ya raɗa wa Sarki cewa girman kai ne. Sarki ya fusata ya ce, “Waziri, na ba ka kwana bakwai. Ka kawo mini teburin da in na doka ba ya motsi, in na so tashi mutum ɗaya ya kai shi. In ka kasa, ka ajiye rawani.”

Nomau ya fara yin marar nauyi da itacen rimi. Sara ɗaya Sarki ya kai, tebur ya kama rawa. Aka koma ga na kirya, aka sa masa gare-gare huɗu, wato ƙananan tayoyin katako, a ƙafafu. Wannan kam ya tafi, har ya zarce. Sarki na buga guduma tebur ya gangara, ya kwashi Alƙali daga baya, bai dire shi ba sai a barga.

Rana ta shida Waziri na kwance a tsakar gida, baƙin ciki ya cika shi, yana kallon mahaifiyarsa Iya Tabawa tana daka masa saiwar maganin baya. Rana ta cim mata, sai tsohuwa ta karkata turmin, ta mirgina shi a kan gefen gindinsa har inuwa, ta tsayar, ta ci gaba da daka. Waziri ya zabura, ya tambaye ta yadda ta kai turmin kirya can ita kaɗai.

Ta ce, “Jatau, kai da karatunka? Turmi ai ba a ɗaukarsa, lallaɓa shi ake yi. In ya zauna a gindinsa, ya zaunu. In ka karkata shi, ya bi ka.”

Nan take ya aika a kira Nomau. Suka cire gare-gare biyu, suka ɗaga sauran biyun suka kafa a gefen ƙafafun gaba, tazarar yatsa ɗaya tsakaninsu da ƙasa. Ɗaya ɓangaren kuma suka sa mariƙa biyu.

Washegari Sarki ya doka, ya sake dokawa, tebur ko gezau. Sa'an nan Waziri, duk da ciwon bayan nasa, ya ɗaga mariƙa, gare-gare suka taɓa ƙasa, ya tura shi har gindin tsamiya. Sarki ya yi murna ƙwarai, ya tabbatar masa da rawaninsa. Da ya ji inda dabarar ta fito, ya aika wa Iya Tabawa da muciyar da ya sassaƙa da hannunsa. Ta duba ta, ta yi godiya, ta ce daidai take da tokare ƙofar akurki.

Galadima ya matso ya ce ai dama abin da yake shirin faɗa ke nan. Sarki ya dube shi ya ce, “Madalla. Tunda mutum ɗaya ya isa, kuma duk fadar nan ba wanda ya kai ka sanin hanya, daga yau kai ne mai turawa.”

Aka ce tun daga ranar, kullum Galadima ke roƙon Allah ya kawo hadari, don in babu rana babu bin inuwa.