Yatsa Suka Ce, Ba Rubutu Ba

"Ɗana, wannan 'kowa' da kuke ta faɗi, har da irina da ba ta da ubangida?"

Akwai wata matar direba, mai kunya, da ke ɗinka maɓalli a shagon wani tela. Ita ta tsinci tambayar nan a bakin wata tsohuwa, ranar da aka aike ta kai ɗinki ofishin rajistar sabon tsari: gwamnati za ta riƙa bai wa kowane baligi kuɗin wata, yana aiki ko ba ya yi.

Ma'aikacin ofishin ya yi dariya. "Iya, kowa kowa ne. Katinki da yatsanki kawai. Ba sai wani ya sa miki hannu ba."

Matar direba ta tuna da nata katin. Sati biyu ke nan tela ya kulle katunan shaidar ma'aikatansa a durowa, wai sai da sa hannunsa za a yi musu rajista. Sharaɗinsa, su riƙa zuwa aiki ranar hutu kyauta.

Tana komawa shago ta tsaya gaban teburin yanka.

"Maigida, katina nake so."

Kekunan ɗinki suka tsaya cak.

"Au, ashe Bebiya tana da baki!" in ji tela. "Ke da sunanki ma sai kin yi gumi kike rubuta shi, wa zai saurare ki a ofis?"

"Yatsa suka ce, ba rubutu ba. Ina da goma."

Mai guga ya tuntsure da dariya har ya kusa ƙona rigar mutane.

Tela ya haɗe rai. "In kika fita, kin fita ke nan."

"To. Ba ni in fita."

Ya wurgo mata katin. Kafin ta kai ƙofa, mai guga da sauran matan sun jeru, kowa ya miƙa hannu.

Kwana huɗu tela yana soke yatsa da allura shi kaɗai. Na biyar ya turo matarsa ban haƙuri. Matar direba ta koma aiki, amma ranar hutu ta zama tata.

Mijinta ya dube ta. "Ke ɗin? Ina kika samo wannan zuciya?"

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Gaskiya ranar a tsorace take, tebur ne ya riƙe ta. Wannan kam ta bar wa cikinta.

Darasi: Abin da aka ce haƙƙin kowa ne, kada ka yarda wani ya sayar maka da shi a sunan alfarma. Je ka tambaya da bakinka. Ku tura wa wanda har yanzu katinsa ke durowar wani.