Ɗaurin da Madina ta yi wa inzayim

Akwai wata ɗaliba a Dutse mai suna Madina, 'yar unguwar Limawa, tana digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadarai. Aikinta shi ne haɗa ƙaramar na'urar auna suga a jini, wadda za a wanke a sake amfani da ita.

Ran na'urar wani sinadari ne da ake kira inzayim. Shi ke gane suga, sai na'urar ta nuna lamba. Matsalarsa ɗaya: in ba a ɗaure shi a bakin na'urar ba, ruwa na taɓa shi zai tafi da shi.

Abokin karatunta Zuhair shi ma irin aikin yake yi. Yana da kai, ya kuma san yana da shi. Ya ɗiga inzayim ɗinsa a bakin na'urarsa ba ɗauri, ya bar shi ya bushe. Cikin kwana uku na'urarsa ta fara ba da lamba tsaf.

Madina kuwa ta zaɓi ɗaure nata da wani ruwan sinadari mai haɗa shi da jikin na'urar. Ta zuba da yawa, inzayim ya mutu. Ta rage, ya sulale.

"Hajiya, har yanzu ana ɗauri?" Zuhair ya ce yana dariya. "Mu dai mun gama tun wancan watan."

Ta kai kuka wajen malamarsu, Dakta Adawiyya. Malamar ta duba littafinta, ta ce, "Kin taɓa ɗaure akuya a turke? In igiya ta matse, ba za ta kai ga ciyawa ba. Ki nemi tsakiya, kuma ki rubuta duk gwajin da ya ƙi."

Sai a gwaji na goma sha bakwai ta dace. Lambarta ba ta kai ta Zuhair saurin fitowa ba, amma hankalinta ya kwanta.

Ranar tantancewa ta zo. Na'ura ɗaya kawai za a zaɓa a kai gwaji wani asibiti a Garki. Zuhair ya fara, lamba ta fito nan take, aka tafa masa.

Wani dattijo cikin alƙalan ya ce, "Madalla. Wanke ta, ka sake."

A wanki na uku lamba ta faɗi. A na biyar, ruwan suga da ruwan famfo duk ɗaya suka zama a wurinta.

"Zafi ne ya yi yawa yau, ranka ya daɗe," in ji Zuhair.

Madina ta miƙa tata. Aka wanke sau goma, lamba ba ta motsa ba. Dattijon da kansa ya ƙara sau goma, sannan ya ajiye biro ya ce, "Wannan za ta Garki."

Washegari Zuhair ya tsaya a ƙofar ɗakin gwaji, ya kasa shiga. Da ƙyar ya ce, "Madina, ki yafe min. Ki nuna min yadda kika yi."

Ta janyo masa kujera. "Zauna. Amma sai ka yi haƙuri, wata biyu zai ci."

Ya zauna.

Darasi: Aikin gaggawa yana burge ido ran farko, na haƙuri shi ke jure gwaji. Kada ka raina wanda ke tafiya a hankali, kuma in Allah ya ɗaga ka, ka ja wanda ya yi maka dariya. Ku tura wa wani da ke gab da karaya a kan aikinsa.