Ranar da Kurege Ya Zagi Zanen Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo, muna saurare.

A wani gari, sunansa ya kwanta mini, amma akwai tsamiya a bakin kasuwarsa, Kurege ya naɗa kansa mai duba ado. Wanda ya zana ƙwarya, ko ya saƙa tabarma, sai ya kawo gindin tsamiya a taru a gani. Kurege ya karkata kai, ya kanne ido ɗaya, ya yanke hukunci. Abin da ya yaba a so shi, abin da ya kushe a guje shi. Idon nasa kuwa ba ya buɗewa sai an cika masa kumatu da gyaɗa.

Kunkuru marini ne kaɗai bai taɓa kawo ko ƙwaya ba.

"Kawu Kunkuru, ba ka san hanyar gidana ba ne?"

"Na sani, Malam Kurege. Ina tafe, tafiyar ce ba sauri."

Kurege ya ƙullace shi. Ya tara gari ya ce a je marina, a ga aikin tsoho tun daga bakin rami. Shi kuwa bai taɓa taka marina ba, busasshen zane kawai ya sani.

Kunkuru ya sunkuya, ya ɗago zane daga ramin shuni. Ga shi kore-kore, kamar gansakukar tafki.

Kurege ya ce, "Jama'a, ku duba. Wannan rini ne ko kashin kwaɗo?"

Kunkuru ya matse ruwan shunin. Ya baza zanen, iska ta ratsa shi.

Sai koren ya soma ja da baya. Shuɗi ya taso daga gefe, a hankali, kamar sama bayan ruwa ya ɗauke. Ya yi zurfi, ya ƙara zurfi. Kunkuru ya warware zaren da aka ɗaɗɗaure zanen da shi, sai ga fararen zane-zane sun bayyana, kamar belbela sun keta hadari.

Kowa ya shagala da kallo. Kurege ya miƙe kan ƙafafunsa na baya bai sani ba. Gyaɗa ta faɗo daga bakinsa bai sani ba.

Zabuwa ce ta fara dawowa hayyacinta. "Malam, ina kashin kwaɗon? Ashe da kumatu kake gani. Jama'a, a karɓe kujerar duba adon nan daga hannunsa."

Kurege ya ce, "Ai faɗan da na yi wa zanen ne. Kunya ya ji, ya gyara launinsa."

Kunkuru ya ce, "Madalla. Saura arba'in a rami. Tsaya nan ka zage mini su."

Kurege ba halin ƙi. A ɗago, ya zaga, ya yi shuɗi. A ɗago, ya zaga, ya yi shuɗi. A na talatin, ko na ashirin ne, murya ta ƙare ƙaf. Aka ɗago, bai ce uffan ba, zane ya yi shuɗinsa. Ba wanda ya waiwayi Kurege. Kowa zane yake kallo, har shi.

Tun daga ranar, in an kawo aiki gindin tsamiya, kowa faɗin nasa yake, a yi ta gardama. Kurege sai ya miƙe kan ƙafa biyu, ya zuba ido. Shirun ma aka ce zurfin ilimi ne, ana jefa masa gyaɗa.

Kurunkus, ta ƙare. Wanda zai zagi zane, ya fara tambaya nawa suka rage a rami.