Ƙamshin Ƙasa a Zauren Alƙali Bawa

An ce wai a garin Gidan Kanya an taɓa neman malamin Turanci guda ɗaya a makarantar gari, masu nema kuwa sun fi goma. Hakimi ya sa aka zaɓo wata kalma ta Turanci wadda Turawan ma ba kowa ya san ta ba, ya ce kowa ya saka ta cikin jimla, wanda tasa ta fi kyau aiki nasa ne. Kalmar dai, ni harshena bai iya lanƙwasa ta ba, amma ma'anarta ita ce ƙamshin da ƙasa ke yi idan ruwan farko ya sauka a kanta.

Jimlar da ta yi fice cewa take: kakata ba ta iya cin tuwo ranar ruwan farko sai ta fita ƙofar gida ta shaƙi wannan ƙamshi. To, ga rigima: takarda biyu aka samu da jimlar nan, babu bambancin ko ɗigo. Ɗaya ta Barmani ce, wadda ta shekara huɗu da takardar shaida babu aiki, ɗaya ta Malam Tanimu, mutumin da ƙamus ba ya barin hammatarsa. Kowa ya rantse tasa ce. Aka kai su gaban Alƙali Bawa, dattijo mai boko da Arabiyya.

Alƙali ya tambaye su ma'anar kalmar. Barmani ta faɗa a taƙaice. Tanimu kuwa ya gyara hula, ya kawo ma'ana, ya kawo asali, har lambar shafi. Jama'a suka fara gyaɗa masa kai.

Lokacin bazara ne, zafi ya kai inda ya kai. Alƙali ya ce, "Kai, zauren nan ya yi turiri. Ku dakata." Ya miƙe da kansa, ya ɗauki buta, ya yayyafa ruwa a busasshiyar ƙasar zauren, yadda ake yi kafin a shimfiɗa tabarma.

Tanimu ya tattare riga ya ɗaga ƙamus sama. "Allah ya gafarta Malam, za a jiƙa mini littafi!"

Barmani ba ta ma ji shi ba. Ta lumshe ido, ta ja numfashi, kalmar nan ta kuɓuce mata a fili, ta ce, "Wayyo Iya kakata! Da tana nan da ta ture kwanon tuwo." Sai ta tuna inda take, kunya ta kama ta, ta rufe baki da gyale.

Alƙali ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Malam Tanimu, abin da ka karanto mana yanzu ya shigo zauren nan, ya tsaya a gaban hancinka, ba ka gane shi ba. Ita kuwa ta gaishe shi da sunansa. Jimla ta Barmani ce, aiki ma nata ne."

Tanimu ya sosa ƙeya, ya amsa cewa a teburin magatakardan hakimi ya hango takardarta, ta burge shi ya kwafe. Alƙali ya sa ya ba ta haƙuri a gaban jama'a, sannan ya ce, "Mai son littafi haka, a ba shi tsaron ɗakin littattafai, amma kada a bar shi kusa da takardar kowa."

Zaure ya kaure da dariya. Barmani ta fita da gudu ta kai wa mahaifiyarta albishir, takalminta a hannu.

Haddace kalma ba ya mayar da ita taka. Taka ce ranar da abin da take nufi ya zo gabanka ka gane shi.