Rantsuwa a Ƙofar Gidan Harira

An yi wani mutum a nan Kaduna, ma'aikacin gwamnati, mazaunin Unguwar Rimi. Ba zan kama sunansa ba, don yana raye, kuma kukan da ya sha ya ishe shi. Yana goye uwarsu ta rasu. Yayarsa Harira ce ta raine shi, da kuɗin dambun da take sayarwa a Hayin Banki ya yi karatu. Har ya fara furfura ba ta daina ce masa Auta ba.

Da zaɓen 'yan majalisar tarayya ya ƙarato, mutumin nan ya bi wani ɗan takara ido rufe, don an yi masa alkawarin muƙami. Ya je ya ce wa Harira ta tara masa matan layinsu. Ta ce, "Auta, ni wanda ya haƙa mana rijiyar burtsatse zan zaɓa. Kai ma ka zaɓi naka, Allah ya ba mai rabo sa'a."

Aka yi zaɓe, aka faɗi sakamako. Ɗan takararsa ya sha ƙasa, a rumfar su Harira kuwa ko kusa bai yi ba. Abokan siyasa suka sa shi gaba da dariya, wai wanda ya kasa kawo akwatin gidansu me zai kawo? Zuciya ta ɗebe shi. Ya je ya tsaya a ƙofar gidanta, ya rantse da Allah ba zai ƙara taka cikin gidan ba sai ranar da gwaninsa ya shiga majalisa.

Ya 'yan uwa, kun ji inda Shaiɗan ya sami ƙofa. Limamin unguwarsu ya ce masa irin wannan rantsuwa karya ta ake yi, a yi kaffara. Shi kuwa ya ce sai kotu ta yanke hukunci a ƙarar da gwaninsa ya shigar. Kotu ta yanke, ya ce ai an ɗaukaka ƙara. Ita kuwa baiwar Allah, ciwon ƙafa ya riga ya zaunar da ita, amma duk Juma'a sai ta aika masa da dambu. Shi kuma ya mayar da kwanon ko buɗewa bai yi ba. Da kira ya yi yawa, ya toshe lambarta da ta 'ya'yanta.

Ana nan, rannan ya duba waya, sai ga gwanin nasa ya sauya sheƙa, ya rungume wanda ya kayar da shi, suna ta ƙyaƙyata dariya. Ya sayi atamfa da goro, ya nufi Hayin Banki yana ta saƙa yadda zai ba ta haƙuri.

Tabarmi ya tarar a ƙofar gida, maza na zaune jugum. Da hantsin ranar aka kai Harira makwancinta. An yi ta kiransa, kira ba ya shiga. 'Yarta Sadiya ta leƙo, idanu jajur, ta ce, "Kawu, har ta cika tana cewa kar a ga laifinka, rantsuwa ce ta riƙe ka. Ta ce duk ranar da ka zo a shimfiɗa maka tabarma a nan waje, ita za ta fito, ko da rarrafe."

Ya dubi tabarmar da ke gabansa, ya zauna a kanta yana kuka.

Ya 'yan uwa, 'yan siyasa sun shirya, sun ci abinci a kwano ɗaya. Shi da wa zai shirya? Zaɓe yana dawowa, 'yar'uwa ba ta dawowa. Duk wanda ƙuri'a ta raba shi da jininsa, ya tashi daga nan ya je ya yi sallama tun akwai mai amsawa.

Allah ya jiƙan Harira, ya yafe wa ƙanenta. Allah ya kiyaye mu da yanke zumunci.